Takobin Rakan

Kano,
farkon Zulƙida

Zuwa ga ƙanwata Asma,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki Lurwanu, da ɗana Rakan, da ƙannensa mata. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar Inna da ke tashi duk sanda hadari ya haɗo. Ga daddawa da kuka na ba Alhaji Tsoho da zai zo aikin Hajji, shi zai miƙa miki su tare da wasiƙar in ya samu sararin shigowa unguwarku Tandabawi. Na san za ki ce me ya hana ni kira a waya. A waya ke ce mai magana, ni sai "to, to". A takarda ba mai katse ni.

Rabin wasiƙar nan ta Rakan ce. Ki karanta masa, tunda ɗan Makkan naki Hausar boko ta fi ƙarfinsa. Ya dame ni da saƙo kan fim ɗin samurai, mayaƙan takobi na Japan, da shi da abokinsa Sami suke ta musu a kai, wanda suke kira fim ɗin gada, wai sai kawunsa mai shirin finafinai a rediyo ya raba musu gardama. To, masu fassara sun saka masa Hausa, na je gidan kallon unguwarmu na zauna a benci tare da 'yan acaɓa da masu shayi, na kalla.

Ke da ba ki kallon irin waɗannan, ga labarin. Wani tsohon samurai ne aka kashe wa ɗa a kan gada. Ya bar gida, ya bar gona, ya yi shekaru yana bin sawun wanda ya yi kisan. Da ya same shi, mutumin ya zama manomi mai iyali, ya ma rataye takobinsa. Tsohon ya ja shi har kan wata gada, ya ce masa, "Na daɗe ina jiran ranar nan, yau zan raba kanka da wuyanka." Sara ɗaya. Jini ya yi tsiri har kan fuskar tsohon, kan manomin ya gangara cikin ruwa. Asma, gidan kallon nan kamar an ci ƙwallo. Wani ya hau benci yana kabbara, wani ya tilasta wa mai gidan kallon ya dawo da wurin baya, aka sake kallo, aka sake ihu.

Su kuwa masu sharhi, na can ƙasarsu da na wasu wurare, cewa suke mutane ba su gane fim ɗin ba. Wai bayan saran an bar mu da fuskar tsohon tsawon lokaci, yana zaune a kan gadar, ba kiɗa ba magana, bai san inda zai nufa ba, kuma nan ne fim ɗin yake. Ni ban ga wurin sosai ba, don lokacin kowa ya miƙe yana neman takalminsa. Haka na faɗa a shirina, na bi bayan masu sharhi, ai kuwa na sha zagi. Wani dattijo ya bugo waya ya ce, "Malam, ku rufe mana baki da turancinku. Uban da aka kashe wa ɗa, ya iya kwanciya ya yi barci, gawa ce da ba a binne ba." In gaya miki gaskiya maganar ta zauna min a kunne daram. Ki ce wa Rakan, a musunsu kan ko ramuwar tsohon ta dace, shi da Sami kowa da rabin gaskiyarsa.

Na ga bidiyon da suke ɗorawa suna kwaikwayon finafinan nan a saman benenku. Sun iya, sai dai takobin robar nan da ke lanƙwashewa yana ba mutane dariya, na ga ana ta yi musu tsiya a ƙasan bidiyon. Ki gai da Lurwanu, na san aikin mayanka na Hajji ya kusa, ba za a gan shi ba sai bayan Mina. Ku saka mu a addu'a ranar Arfa.

Yayanki,
Munzali

Tandabawi, Makka,
Muharram

Yaya,

Wa alaikumus salam. Lafiyar jiki muna da ita. Ka yi wa Inna sannu, ka ce na ji duk abin da ta ce a waya ranar ta'aziyya ko da ban iya amsawa ba. Abin da zan rubuta maka yanzu ba ya faɗuwa a waya, surukinka yana gida kullum, kunnensa kuma yana kan bakina. Wata mai Umara zan ba ta kawo maka.

Ka san Rakan ɗan fari ne, yana raye ban taɓa kiran sunansa ba. Yau ga shi ina rubutawa. An gaya maka Sami ya sare shi da takobi, shi ke nan abin da kowa ya sani. Ga yadda aka yi.

Tsiyar da ake yi musu kan takobin roba ce ta sa Rakan ya sayo na ƙarfe, irin na ado, dogo mai ɗan lanƙwasa. Bakinsa a dakushe yake, ko tumatir ba ya yankawa. Sun yi ta bidiyo da shi, suna ɗora wa juna a wuya suna dariya, in sun gama ya mayar da shi kube ya rataye a bangon ɗakinsa. Kai kuma ka san surukinka. Kafin ya tafi mayankar Mina, sai ya tattara duk wani abu mai baki a gidan nan ya wasa, kamar yadda ubansa yake yi: wuƙaƙen aikinsa, na girkina, har almakashin ɗinki. Ranar da zai tafi ya shiga ɗakin yaron ya fito da takobin yana tsaki. Ya ce, "Ƙarfe mai kyau haka a gidan mahauci, ba baki? Aib wallah, abin kunya ne." Ya zauna a kan dutsensa ya wasa shi har ya aske gashin hannunsa da shi. Da idona na gani, har na yi masa dariya. Ya mayar da shi kube ya rataye, motar abokan aikinsa ta zo, ya tafi. Rakan ba ya gida lokacin.

Kashegari bayan la'asar, unguwa ta watse, kowa ya tafi neman aikin Hajji, Rakan da Sami ma da safe za su wuce Arfa rabon abinci. Suka hau bene su yi bidiyo ɗaya kafin su tafi. Ina kicin na ji wani ihu da ban taɓa jin irinsa daga bakin mutum ba. Na hau da gudu. Yaya, jini ya riga ni isa bakin matakala. Rakan yana kwance, wuyansa a buɗe ta gefe, ƙafafunsa suna shure-shure, Sami ya cire rigarsa ya danna a wurin, jinin yana fita ta tsakanin yatsunsa. Yana ta cewa, "Ya Khala, ba ya yanka! Wallah ba ya yanka, kin sani, kin sani!" Khala, wato 'yar'uwar uwa, yake ce min tun yana rarrafe a tsakar gidan nan. Na ɗora kan ɗana a cinyata. Ya buɗe baki, ba abin da ya fito sai kumfa ja. Kafin motar asibiti ta ratsa cunkoson alhazai ya cika.

An yi masa salla a Harami, mutane ba iyaka, ana ta ce min ya yi dace. Na gode musu.

'Yan sanda sun tafi da Sami da takobin da wayar da ke ɗaukar bidiyon. A cikin bidiyon Sami ya ce ya daɗe yana jiran ranar. Mai kantin unguwa kuma ya ba da shaidar cewa da safiyar ranar ya ji suna musu kan fim, har Sami ya ce sai ya kashe shi. Haka suke faɗa wa juna kullum, ko kan kwanon shinkafa. Aka tambayi Sami wa ya wasa takobin, ya ce bai sani ba. Aka tambayi surukinka ko ya san wani abu a kai, ya ce a'a. Ni ba a tambaye ni ba. Da muka dawo gida na buɗe baki, ya ce, "In kika faɗa, kin ce ni na kashe ɗana. Faɗi mana." Har yau ban faɗa wa kowa ba.

Wasiƙarka kuma ba ta zo ba sai bayan an yi bakwai, Alhaji Tsoho bai samu shigowa ba sai da zai koma. Surukinka ne ya karɓa. Ya sa na karanta masa, da na zo kan maganar gawar da ba a binne ba ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya ce, "Ko ɗan'uwanki mai ilimi ya faɗa." Na ce an rubuta ta ne yaron yana raye, kuma maganar wani ce a rediyo. Ya ce Allah ne ya sa ta a bakin alƙalaminka. Ya riga ya gaya wa kotu ba ya son komai sai ƙisasi, wato a sare kan Sami.

Ban san abin da nake so ka ce ba. Ka dai rubuto.

Ƙanwarka,
Asma

Kano,
Rabi'ul Awwal

Asma ƙanwata,

Assalamu alaikum. Allah ya jiƙan Rakan, ya ba ki haƙurin da ni na kasa samu. Inna tana nan, ta rage cin abinci, ban gaya mata abin da ke cikin wasiƙarki ba.

Na karanta ta a tsaye, na sake karantawa a zaune. Da na san inda maganar dattijon nan za ta sauka, da na tauna takardar na haɗiye. Ki gaya wa Lurwanu ba ra'ayina ba ne, ban taɓa cewa a kashe kowa ba, surutun mai sharhin fim ne da ya ji magana mai daɗin faɗa ya kwafe. Kuma ni ne na ƙara da tsokanar takobin roba. Wannan ma yana cina.

Akwai abin da ya kamata ki sani, gara ki ji daga bakina. Bidiyon ya fita. Ban san ta hannun wa ba, amma ya iso Kano. Wani mai sauraron shirina, da bai san alaƙarmu ba, ya turo min ya rubuta, "Malam, ga samurai na gaske, a yi mana sharhi." Ina buɗewa na gane tankin ruwan benenku. Mutane sun cika ƙasansa da magana. Wani ya ce haɗi ne, jini ba ya fita haka. Wani ya ce ya fi na fim ɗin kyau. Wasu suna musu kan ko saran ya yi daidai da na tsohon. Sai da na fita waje na yi amai.

Na dawo na kalla har ƙarshe, tunda aikina ke nan, in kalli abin da mutane suke tashi su bari. Asma, duk kalmar da Sami ya faɗa ta fim ɗin ce, ɗaya bayan ɗaya, har tsayuwar da ɗaga gwiwar hannun. Shi ne tsohon, Rakan ne manomin. Bayan ya kai saran, Sami bai kalli Rakan ba. Ya juyo ga wayar yana murmushi, ya ɗan rusuna irin gaisuwar Japanawa, yadda suke rufe duk bidiyonsu. Yana jiran abokinsa ya tashi su yi dariya. Sai da jini ya taɓa masa ƙafa ya waiwaya. Wanda ya yi niyyar kisa ba ya yin haka. Yawancin masu yaɗa bidiyon sun yanke wannan wurin, a kan saran suke tsayawa.

Ni ba malamin shari'a ba ne, amma na san hukuncin ganganci daban, na kuskure daban, kuma abin da ya raba su a nan shi ne wanda ya wasa takobin. Ke kin sani. Ki je ki faɗa. Lurwanu bai kashe ɗansa ba, al'adar gidansu ya bi, ba wanda zai ɗaure shi don ya wasa ƙarfe. Amma in aka sare yaron nan saboda shirunsa, wannan kam da saninsa ne. Fim ɗin ma abin da yake nunawa ke nan, in an bar shi ya kai ƙarshe: tsohon ya samu abin da yake nema, ya zauna a kan gada kamar buhun da aka zazzage.

Ki yafe min tsawon baki. Ina jiran amsarki.

Yayanki,
Munzali

Tandabawi,
Sha'aban

Yaya,

Muna lafiya. Na samu wasiƙarka ta Rabi'ul Awwal, da biyun da suka biyo baya kana tambayar ko ta iso. Ta iso. Ban amsa ba ne don in na amsa a lokacin zagi za ka sha.

Kana zaune a Kano kana min sharhi a kan mutuwar ɗana. Ya rusuna, ya yi murmushi, ya ɗaga gwiwar hannu. Ni na wanke benen nan, Yaya. Da bokiti da tsintsiya na wanke shi, jinin ya bi bututun ruwan sama ya sauka ta bangon waje, har yau in rana ta haska ana ganin layinsa. Kai da 'yan gidan kallonku duk ɗaya ne a wurina, kallo kuka yi.

An yanke hukunci. Kotu ta ce ganganci ne, ta ba da ƙisasi. Lauyan su Sami ya nuna rusunawar da kake magana, aka ce wanda ya wasa takobi a ɓoye zai iya yin murmushi a fili. An ɗaukaka ƙara, amma kowa ya san inda za ta ƙare.

Tandabawi ta rabu biyu. Masu cewa rai da rai, da masu cewa yara ne, tare suka tashi, a bar wa Allah. A kantin unguwa wani maƙwabci ya ce wa surukinka yafiya ta fi lada. Ya shaƙe shi ya buga kansa da firjin lemo har gilashin ya fashe, sai da maza suka taru suka ɓamɓare shi, mutumin ya sha ɗinki a goshi. Yanzu ba mai yi masa maganar. A gida kuma ba shi da hira sai ta ranar da za a sare Sami. Ya ce zai tsaya kusa. Yana cin abinci yana gaya min ta wace gaɓa takobi ke shiga a wuya, yana nunawa da yatsa a nasa wuyan, kamar yana maganar rago. 'Yan matan sun daina zama da mu a kan ledar abinci.

Na kalli fim ɗin naku. Na sa babbar 'yata ta nemo min a wayarta, na kulle ɗaki na kalla ni kaɗai, har fuskar tsohon da kuke ta yabo. Ban ga abin ihu ba, ban ga abin yabo ba. Ni uwar yaron da aka kashe na yi ta nema. Sau ɗaya aka nuna ta, tana wanke shinkafa, ba ta ce uffan ba. Matar manomin ma daga nesa aka nuno ta tana gudu, aka ɗauke. A cikin masu sharhin naka akwai wanda ya tambayi ina suka shiga?

Manar, uwar Sami, ta zo ranar da surukinka ya tafi Jidda. Ta rame har ban gane ta ba sai da ta ɗaga niƙabi. Ta faɗi ta kama ƙafata. Ta ce, "Ya Ummu Rakan, lauya ya ce ke ma magajiyar jini ce. In ke kaɗai kika yi tanazul, kika sauka daga haƙƙinki, ƙisasi ya faɗi ko uban bai yarda ba. Sa hannu ɗaya, Allah yihalliki, Allah ya raya ki." Ka san abin da na yi? Na mare ta. Matar da muka yi goyo tare, na mare ta har bakinta ya fashe, na ja ta zuwa ƙofa. Ɗanta yana cin abinci a kurkuku, nawa yana ƙasa.

Ka ce in je in faɗi gaskiya. In tsaya gaban alƙali in nuna uban 'ya'yana, mutumin da ya rage saura ƙiris ya haukace? Kuma bari in gaya maka abin da ban gaya wa kowa ba. Na san Sami bai sani ba. Na sani sarai. Duk da haka hannunsa ne, kuma akwai ranakun da nake so in ga nasa jinin yana bin ƙasa yadda na ga na ɗana. Kada ka ƙara rubuto min maganar yafiya.

Asma

Kano,
Shawwal

Asma,

Assalamu alaikum, barka da salla. Inna ta samu sauƙi, har ta yi azumi.

Na ji, kuma na karɓi zagin, na cancanta. Na koma na duba duk sharhin da na tara a kan fim ɗin, ba wanda ya ambaci matan nan biyu, har da nawa. Na daina saka finafinan samurai a shirina. Masu sauraro suna ta ƙorafi, wai na tsufa.

Ba zan ƙara ce miki ki yi ko ki bari ba. Haƙƙinki ne, Allah ne ya ba ki. Abu ɗaya nake roƙo: in ranar ta zo, kada ki je wurin. Kin ga ɗaya, ya isa.

Yayanki,
Munzali

Tandabawi,
Muharram

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gai da Inna. Mun ga sabuwar shekara lafiya. Ka yafe min kalaman wasiƙata ta baya, ba duka nake janyewa ba, amma ka yafe.

An tabbatar da hukuncin kafin Hajji, aka ce sai alhazai sun watse za a sanar da rana. Surukinka ya karɓi aikin mayanka kamar kullum. Ranar da zai tafi ya fito da dutsensa tsakar gida. Ina ɗaki na ji ƙarar ƙarfe a kan dutse. Ya wasa nasa, ya wasa nawa, ya wasa almakashi. Yana da wata al'ada, duk wanda ya miƙa wa abinsa sai ya ce, "A kula, da kaifi." Ya shigo kicin ya miƙo min wuƙata ta ƙota. Ya ce, "A kula," bai ƙarasa ba. Ya tsaya yana kallon ƙofar ɗakin Rakan, ya damƙe bakin wuƙar bai sani ba har jini ya ɗiga a kan tayil. Na ɓamɓare yatsunsa na ɗaure masa. Mota ta zo ya tafi.

A nan na gane ba mantawa ya yi ba, kullum yana cikin ranar nan. Yana ganin in an sare Sami lamarin zai tashi daga kansa. Ni kuwa na zauna da mutumin nan fiye da rabin rayuwata, na san ba zai tashi ba, rayukan da ke kansa za su zama biyu ne.

Bayan an sauko daga Mina, ranar da aka koma aiki, na saka abayata na tafi kotu, babbar 'yata ta raka ni. Na ce na zo in sauka daga haƙƙina na ƙisasi. Alƙali ya tambaye ni ko wani ya tilasta ni, na ce a'a. Ya tambaya ko ina da sharaɗi, na ce babu, don Allah na yi. Na sa hannu. Kada ka yabe ni, Yaya. Ina sa hannun ina jin ƙin yaron nan a raina, kuma ban san ranar da zan iya kallon fuskarsa ba. Zai yi zaman kurkuku na haƙƙin hukuma, amma ba za a sare shi ba. Daga baya Manar ta zo ƙofar gida tana kuka tana kiran sunana, ban buɗe ba.

Kafin in iso gida labari ya riga ni. Na tarar da surukinka zaune a tsakar gida. Ya ɗaga dutsen wasa wuƙar nan da ya gada daga ubansa ya maka da ƙasa, ya rabe biyu, ɓarɓashi ko'ina. 'Yan matan sun kulle kansu a ɗaki. Na tsaya a bakin ƙofa ina jiran duka ko saki, na shirya wa kowanne. Can ya ce, "Kin gaya musu?" Na ce ban gaya wa kowa komai ba, haƙƙina kawai na sauke. Ya gyaɗa kai. Sai ya kalle ni, idonsa kamar na ƙaramin yaron da ya ɓata a cikin Harami, ya ce, "To yanzu, Asma, wa ya kashe min ɗa?"

Na zauna kusa da shi a ƙasa, a cikin ɓarɓashin, har aka kira magariba. Tun ranar bai ƙara maganar ba, bai sake ni ba, bai kuma fita ko masallaci ba. Abinci sai na zauna a gabansa yake ci.

Ka ce wa Inna ta saka shi a addu'a, da sunansa.

Ƙanwarka,
Asma